Ranar da Yaya Ya Canza Mini Kujerar Mashin

Ba a daɗe sosai da yin wannan abin ba, amma ba zan rantse cewa komai na riƙe daidai ba. A ranar hankalina ba a jikina yake ba, kuma na lura mutum in ya tsorata yakan riƙe ƙananan abubuwa ya saki manya. Ina tuna kalar ledar kujerar har yau, amma ban tuna ko na ci abinci ba. Maganganun da zan sa a bakin mutane ma'anarsu na riƙe, ba lallai kalmomin ba ne.

Mu uku muka shirya tafiyar: ni, da abokina malamin firamare da muke ce wa Malam, da abokina mai gyaran waya da muke ce wa Injiniya. Tun muna sakandare muke zancen wata rana za mu hau mashinanmu mu zaga Nijar. Ba fatauci ba, ba biki ba, kallon gari kawai. Mu fita ta Jibiya mu kwana biyu a Maraɗi, mu bi ta Tasawa mu kai Damagaram, mu dawo ta wajen Daura. Kwana goma muka yanke. A lokacin iyaka a buɗe take, mutane na shiga suna fita. Duk wanda muka gaya wa sai ya yi dariya, ya ce mutum ya ƙona mai har Damagaram don ya kalli gini, alhali ga gini a Katsina.

Ni ne na gama jami'a a cikinmu, kuma lissafin kuɗi na karanta, don haka ba a yi wata shawara ba aka ce ni ne ma'aji. Sunan ya bi ni, har suka daina kiran sunana. Na gama bautar ƙasa, ina wani aikin wucin gadi a wani ofis a GRA, kuma ina ganin na ɗauki muƙamin da nauyi fiye da yadda suka nufa. Na sayi littafi na musamman. Na rubuta takardun mashin, katin allurar rigakafi, tib ɗin taya na ajiya, fulogi, sarƙa, maganin zazzaɓi. Ko mashin ɗin da nake hawa, da gangan na sayi irin wanda 'yan acaɓa ke hawa, don na lissafa cewa duk ƙauyen da ya lalace za a samu kayan gyaransa. A lokacin ina alfahari da wannan dabarar.

Kuɗin tafiya kowa ya kawo daidai da na ɗan'uwansa. Malam daga albashinsa ya riƙa cirewa wata bayan wata, kusan shekara guda, kuma na san akwai watannin da ya ji jiki. Injiniya adashi ya ɗauka. Ni na haɗa da abin da na tara a bautar ƙasa. Damuwata biyu ce. Na farko, an gaya mini katin cirar kuɗinmu ba lallai ya yi aiki a can ba. Na biyu, naira tana ta sauka, kusan kowane mako sai an ji sabon farashi. Sai na ba da shawara mu canza duka zuwa sefa, kuɗin Nijar, tun a nan. Suka ce abin da na gani.

Na tafi wajen wani ɗan canji a kasuwa, dattijo, wanda ya san mahaifinmu. Bayan mun gaisa ya tambayi Hajiyarmu da Yaya da aiki, ya ji abin da ya kawo ni, sai ya ce:

"To mi zai sa ka ɗauki kuɗi a jiki, ɗana? Ka bar su nan. Ka isa Maraɗi akwai yarona, ka karɓi abin da kake so. Ka isa Damagaram akwai ɗan'uwana. Waya ɗaya zan buga."

Na ce, "Alhaji, za a ba ni rasit?"

Ya dube ni ta saman tabarau. "Rasit na mi? Ba ga ni ba?"

Na yi ta kame-kame. Na ce ba wai ban yarda ba ne, kuɗin ba nawa ni kaɗai ba ne, rai kuma na Allah ne, waya na iya ƙin shiga. Bai yi fushi ba, ko kuma bai nuna ba. Ya ƙirga mini sefa dubu ɗari uku, 'yan dubu biyar-biyar, kamar yadda na roƙa don kada canji ya ba mu wuya. Yana da yadda yake ɗaure su: ya jera tara, ya ninke ta goma ya rungume su da ita. Ɗauri shida ya yi, ya haɗa da jar roba. Da zan tafi ya ce, "Ɗan boko, Allah shi tsare."

Daga ranar da kuɗin suka shigo hannuna na rasa sukuni. Ɗakina a zaure na biyu yake, kowa na shiga. Na sa su cikin akwati, na ciro. Na sa cikin aljihun tsohuwar riga, na ciro. Ga kuma labaran da na ji na shingayen hanya, inda ake cewa mutum ya zazzage aljihu. Ban san gaskiyarsu ba, wataƙila an ƙara gishiri, amma sun zauna mini a rai. Ran Laraba da rana, gidan ba kowa sai Hajiya a ciki, na rufe ƙofar zaure na kwance kujerar mashin ɗina. Dama ledarta ta yage ta baya. Na ɓamɓare 'yan ƙusoshin ƙasa, na tsaga soson da reza, na naɗe kuɗin a leda biyu na tura can ciki, na mayar da komai yadda yake. Na hau na zauna na ji ba alama. Na yanke ba zan gaya wa kowa ba, har su Malam, sai mun tsallake iyaka. Hujjata ita ce Injiniya ba ya iya riƙe magana, kuma in na gaya wa Malam na ɓoye wa Injiniya na yi rashin adalci.

Abin da ban sa a lissafi ba shi ne gidanmu. A gidanmu makullin mashin a ƙusa yake rataye, kuma Yaya, babban wanmu da ya riƙe mu tun rasuwar mahaifinmu, ba ya tambaya kafin ya ɗauka. Ƙane kuma ba ya tambayar inda aka je. Sannan Yaya ba ya ba matafiyi guzuri a hannu kamar sauran manya. Shi gyara yake yi. Da zan tafi jami'a takalmana ya kwashe ya kai aka sake musu ƙasa. Da ƙanwarmu za ta tafi makarantar kwana akwatinta ya kai aka sa sabon kwaɗo. Duk na san wannan. Ban dai tuna ba.

Ranar Asabar bayan sallar asuba za mu tashi. Ranar Juma'a da safe Malam ya zo ya ɗauke ni a nasa mashin muka je yin kwafin takardu. Na dawo wajen ƙarfe goma sha biyu, na tarar da mashin ɗina a zaure an wanke shi, an sa wa sarƙa mai. A kansa akwai sabuwar kujera baƙa, tana ƙyalli.

Ban san tsawon lokacin da na yi a tsaye ba. Yaya ya fito daga cikin gida ya yi wanka ya sa farar shadda, yana murmushi.

"Ya ka gan ta? Taɓa ka ji. Soso biyu ne. Wa zai tafi Damagaram a kan waccan tsumman?"

Na ce, "Yaya, an gode. Allah ya ƙara buɗi." Sai na ce, "Tsohuwar fa?"

"Mi za ka yi da ita? Na bar wa mai shagon, ya rage mini kuɗi. Haka ake yi."

"Wane shago ne?"

"Na Ƙofar 'Yandaka mana, mai ɗinkin kujerun nan. Akwai matsala?"

A nan ya kamata in faɗa masa. Na sha komawa wannan wurin a raina. Amma yana tsaye yana shafa kujerar da tafin hannu, yana jiran in yi murna, kuma in na buɗe baki abin da zan ce shi ne alherinsa ya salwantar da kuɗin mutane. Na ce babu komai, ina so ne in sa a ɗan ɗaure mini ta baya.

Na isa shagon na tarar an ja ƙofa, an tafi masallaci. Na yi sallar Juma'a a nan kusa. Allah ya yafe mini, ban san me liman ya yi huɗuba a kai ba. Lissafi nake yi: in mai shagon ya farke ledar ya gani, zai faɗa ko ba zai faɗa ba? In bai faɗa ba, da wace shaida zan kama shi, ni da ban gaya wa kowa ba? In kuɗin sun tafi, albashina na wata nawa zai biya Malam da Injiniya? Amsar da nake samu ta wuce shekara. Kuma biyan ma ba shi ne ya fi damuna ba. Wa zai yarda cewa ma'aji ya ɓoye kuɗi a soso, kuma a daidai jajibirin tafiya aka sayar da soson?

Mai shagon ya dawo wajen ƙarfe uku saura. Mutum ne mai ƙiba, mai fara'a. Muka gaisa, na ce ni ne ƙanen wanda ya kawo mashin da safe. Ina magana ina leƙen tulin tsofaffin kujerun da ke bayansa. Na ce tsohuwar nake so in saya.

Ya yi dariya. "Ai irin taku ba ta kwana, Malam. Ita 'yan acaɓa ke nema. Yayanka bai kai gida ba aka ɗauke ta."

"An farke ta?"

"A farke ta don mi? Sosonta da sauransa. Sabuwar leda na ɗora a kan tsohuwar, na buga ƙusa, na ba shi."

Na tambaye shi wa ya saya. Ya ce bai san sunansa ba, wani dogo ne daga ƙauye, yana tsayawa a mahaɗar Kambarawa. Koriyar leda ya zaɓa mai jan layi a gefe. Ya ƙara da cewa in zan neme shi in yi sauri, don mutanen ƙauyen nan kafin magariba suke komawa, ba sa son duhu ya same su a hanya.

Sai ya ce, "Wai mi ke cikin kujerar nan?"

Na ce babu komai, bayana ne ya saba da ita. Ya bi ni da kallo har na tada mashin.

A hanya na ga ba zan iya ni kaɗai ba, na kira Injiniya, shagonsa ba nisa. Na ce masa Yaya ya canza mini kujera, sabuwar ta yi mini tudu, ina neman tsohuwar. Ya zo yana dariya tun daga nesa.

"Ma'aji, kai dai matsalarka ba ta ƙarewa. An ba ka sabuwa kana kukan tsohuwa. Wannan ma ka rubuta a littafi?"

Muka tsaya a mahaɗar, ƙarƙashin wata bishiyar dalbejiya inda 'yan acaɓa ke jiran fasinja. Sun kai goma sha. Na bi kujerunsu da ido ɗaya bayan ɗaya, babu koriya mai jan layi. Muka tambaya, wani ya ce ya san shi, ya ɗauki wata mata da buhu zuwa cikin gari. Aka kira la'asar muka yi a gefen hanya. Duk mashin da ya tunkaro sai in miƙe. Injiniya ya gaji ya ce shi fa ya bar shago, gobe ma rana ce. Na ce gobe ai tafiya. Ya ce to a tafi da sabuwar mana. Na roƙe shi ya ƙara minti goma. Ina jin sau uku na roƙa.

Wajen ƙarfe biyar ya iso. Dogo ne kamar yadda aka faɗa, da rawani a wuya, ya girme mu. Kujerar tana ƙarƙashinsa, koriya shar. Na gaishe shi gaisuwa mai tsawo, har da tambayar iyali da damina. Sannan na ce kujerar nan tawa ce da safe, an sayar ba da sanina ba, ina so mu yi musaya: in ba shi sabuwa fil mai soso biyu, ya ba ni wannan.

Ya dubi tawa, ya dubi tasa. "Haka kawai?"

"Haka kawai."

"A'a. Ni wannan ta yi mini."

Da na tsaya a nan na bar Injiniya ya yi cinikin da wasa da dariya, wataƙila da an gama. Amma na ce zan ƙara masa dubu biyu. Ya girgiza kai. Na ce biyar. Injiniya ya taɓa ni ya ce, "Ma'aji, lafiyarka?" Na ce goma. Ina faɗa na ga fuskar mutumin ta canza. Ya sauka daga kan mashin ɗin a hankali, ya ja da baya kamar kujerar na da zafi.

"Malam, mi ka sa cikin abin nan? Tun safe nake yawo da shi cikin gari. Na wuce jami'an tsaro sau nawa. Ƙwaya ce?"

Bai ɗaga murya sosai ba, amma ta isa. Sauran suka taso. Wani ya ce a kira ciyaman. Kafin in ce wani abu an zagaye mu, har da masu shaguna da masu wucewa. Wanda bai zauna a garin nan a shekarun nan ba ba zai gane ba. Mutane sun sha wuya da masu kai wa ɓarayin daji saƙo a kan mashin, kuma mutumin da ya ɓoye abu a kujera ba ya samun uzuri da sauƙi. Na ji wani a baya yana cewa harsashi ne. Wani ya zare makullin mashin ɗina.

Ciyaman ɗin tashar dattijo ne mai furfura a gemu, ba ya gaggawa. Ya sa aka matsa, ya tsaya gabana.

"Samari, ba a taɓa kowa ba tukuna. Ka faɗa mini da bakinka kafin a buɗe. Mi ke ciki?"

Ban dubi ciyaman ba, Injiniya na duba. Na ce, "Kuɗi ne. Kuɗin tafiyarmu."

Injiniya ya juyo ya dube ni. Can ya ce, a hankali, "Kuɗinmu? Har da na Malam?" Na ɗaga kai. Ban taɓa ganin fuskarsa ba wasa a cikinta ba sai ranar.

Aka kawo sifana aka kwance kujerar, aka kifa ta a ƙasa. Ciyaman da kansa ya ɓamɓare ƙusoshin, na nuna masa inda na tsaga. Ya zura hannu ya laluba. Ya daɗe yana lalube, ko kuma ni na ga ya daɗe. Sai ga ledar ta fito, ta lanƙwashe saboda zama. Ya warware. Da aka ga ba naira ba ce sai hayaniyar ta ƙaru maimakon ta ragu. Kuɗin waje, a ɓoye cikin soso, a hannun mutumin da ya yi ta ɓoye gaskiya a gaban shaidu. Wani ya ce kuɗin fansa ne. Wani ya ce a kai mu ofishin 'yan sanda, wani ya ce ba sai an kai ba.

Na ciro littafina daga aljihu. Na nuna shafin da na rubuta abin da kowa ya kawo da ranar da aka canza. Ciyaman ya duba ya miƙo mini.

"Wannan ai kai ka rubuta. Wa ya ba ka kuɗin? Ina rasit?"

Na ce babu rasit. Na faɗi sunan ɗan canjin da inda yake zama a kasuwa. Mutum biyu ko uku suka ce sun san shi. Ciyaman ya ce in kira shi in sa a lasifika, kuma kada in ce komai bayan sallama. Na kira, ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Na sake kira. A karo na biyun, ko na uku, ya ɗauka.

Ciyaman ya karɓi wayar ya gaishe shi, ya faɗi ko shi wane ne, ya ce akwai wani yaro a nan da kuɗin Nijar, ya ce daga wajensa suka fito.

"Mai wannan lambar? Ɗan marigayi ne, na san ubansa, na san wansa. Sefa dubu ɗari uku na ba shi farkon makon nan. 'Yan biyar-biyar, ɗauri shida, kowane ɗauri ta goma ta rungume tara, da jar roba. In ba haka kuka gani ba, ba nawa ba ne. Yawon buɗe ido za su, shi da abokansa. Mi ya yi?"

Ciyaman ya tsuguna ya ƙirga a gaban kowa. Shida, kowane a ninke yadda aka faɗa, da jar roba. Ya ce, "Alhaji, a kujerar mashin ya ɓoye su, aka sayar da kujerar."

Sai muka ji dariya a wayar, irin ta dattijo mai haɗe da tari. "Ɗan boko ke nan. Ku sake shi, don Allah. Tsoro ne kawai ke damunsa."

Dariyar ta kama wasu daga cikin taron, aka fara watsewa. Aka dawo mini da makulli. Amma dogon bai yi dariya ba. Ya zo gabana ya ce:

"Da ka ce mini kuɗinka ne, wallahi da hannuna zan kwance in ba ka. Ka ɗauke ni ɓarawo tun ba ka san ni ba. Kuma da an tare ni da su a hanyar ƙauye, wa zai buga waya domina?"

Na ba shi haƙuri. Muka ɗaura masa sabuwar kujerar Yaya a kan mashin ɗinsa, tunda tasa an farke. Na miƙa masa wani abu a kai, ya ƙi, sai da ciyaman ya sa baki ya karɓi kuɗin man da zai kai shi gida. Ya tafi rana ta kusa faɗuwa, kuma na san mu muka makarar da shi.

Injiniya bai yi mini magana ba har muka isa gidan su Malam. Shi ya ba da labarin, a tsaye a ƙofar gida, ba ƙari ba ragi. Malam ya saurara har ƙarshe. Bai yi faɗa ba, da ya yi da na fi samun sauƙi. Ya ce:

"Ma'aji, ɓoyewar ba ta dame ni ba. Tun sha biyun rana ka san kuɗina sun ɓata, ka kira Injiniya ka yi masa zancen tudun kujera. Da ba a same su ba, yaushe za ka gaya mana?"

Na ce ban sani ba. Gaskiyar ke nan.

Ya miƙo hannu, na ba shi ɗauri biyu. Injiniya ya karɓi biyu. Na zaci a nan tafiyar ta mutu. Sai Malam ya ce mu je kasuwa kafin Alhaji ya tashi. Muka same shi yana naɗe tabarma. Kowannenmu ya riƙe ɗauri ɗaya a aljihunsa, muka mayar masa da uku, za mu karɓa a Damagaram. Bai rubuta komai ya ba mu ba, ni kuma ban tambaya ba, ko da yake bakina ya yi ƙaiƙayi.

Saura Yaya. Na shiga gida bayan magariba da koriyar kujera mai jan layi, an ɗaure ta da roba ta ƙasa. Yana zaure. Ya dube ta, ya dube ni. Na durƙusa na gaya masa duka. Da na gama sai ya ce, "Da ka faɗa mini da rana, da kafin Juma'a mun same ta. Ni kake jin kunya, ko ni ma ba ka yarda da ni ba?" Ya tashi ya shiga ciki. Da asuba na fito na tarar ya buga wa kujerar ƙusoshi ta ƙasa, ya liƙe inda aka farke.

Mun yi tafiyar, kwana tara muka yi ba goma ba. A Damagaram muka sami ɗan'uwan Alhaji a rumfarsa, ya ji sunan wanda ya aiko mu, ya ƙirgo ɗauri uku ya ba mu, ya sa aka kawo mana shayi. Kowa ya riƙe kuɗinsa har muka dawo. Suna ce mini Ma'aji har yanzu, amma tun daga ranar ba a sake ba ni ajiyar ko sisi ba, kuma ban ga laifinsu ba. Tsakanina da Malam an koma daidai, ko kusa da daidai; ba ni ne zan yanke wannan ba.

Akwai wuraren da nake shakka. Injiniya ya ce dubu goma sha biyar na kai a cinikin, ni goma nake tunawa. Ban tabbata ko ciyaman ne ya nemi a buga wayar ko wani daga cikin taron ba. Mai yiwuwa kuma na tausasa wa kaina a wasu wuraren ba da sanina ba. Duk wanda yake ƙarƙashin dalbejiyar nan a ranar, ko ya ji daga bakin wanda yake wurin, in ya ga na kauce ina roƙonsa ya aiko mini da gyara ta hannun waɗanda suka buga wannan rubutun. Musamman dogon mai rawani a wuya, in wani ya karanta masa: ban tambayi sunansa ba a ranar, kuma ina so in ji ko ya isa gida lafiya.